Kwat da laktaye a zafin kaka: da yanayin wace ƙasa makarantunmu ke aiki?

An koma makaranta, kuma wasu makarantun kuɗi a Kano da Kaduna da Abuja sun sake miƙa wa iyaye doguwar takardar kayan sabon zango. Bayan littattafai da kuɗin mota, sai ka tarar da kwat mai kauri mai tambarin makaranta a ƙirji, da laktaye, da doguwar safa, wani wurin har da suwaita. A ofishin makarantar za a saya, ba a kasuwa ba, kuma tun ranar farko ake so yaro ya zo da su a jikinsa. A watan Satumba fa ake wannan. Abin da a da ake gani a makarantu ƙalilan na 'ya'yan manya yanzu ya bazu har cikin unguwanni, inda makarantar ɗaki shida ce da rufin kwano da fanka ɗaya da ba ta juyawa sai an kawo wuta.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san wane lokaci muke ciki. Marka ta wuce tun Agusta, ruwa ya fara ja da baya, gero ya nuna, rana ta buɗe a kan ƙasar da ba ta gama bushewa ba. Zafin wannan lokaci mai gumi ne, mai naso, wanda ke sa riga ta manne wa baya tun kafin azahar. A Sakkwato da Yamai da Maiduguri, ma'aunin zafi a watan Oktoba yakan haura 35 da rana. Sanyin gaske ba ya leƙowa sai ƙarshen Nuwamba, hunturu kuma sai Disamba da Janairu. Ke nan akwai wata biyu cur da za a tilasta wa yaro ɗan shekara bakwai zama cikin kwat, a lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara, ana kokawa da ƙurajen zafi a wuya da hammata.

Ba a ɓoye yake ba inda aka kwaso wannan tsari. A Ingila ana komawa makaranta a farkon Satumba, daidai lokacin da rana ta fara gajarta, ganye ya fara zuba, iska ta fara sanyi. A Landan zafin rana a Oktoba bai cika wuce 16 ba. Yaron da aka sa wa kwat a can, an taimake shi ne. Su sun dubi sararin samaniyarsu suka yanka wa 'ya'yansu tufafi, mu kuma muka dubi hotonsu muka yanka wa namu.

Haka abin yake a shafukan masu sayar da kaya a Instagram da TikTok. Da Satumba ta kama sai tallar kayan sanyin Turai ta cika ko'ina: riguna masu dogon wuya, takalma masu rufe ƙwauri, launukan ƙasa-ƙasa da ruwan goro, wai lokacinsu ne. Har akwai masu koya wa 'yan mata tsohuwar ƙa'idar Amurkawa ta cewa ba a sa fararen kaya bayan ranar ma'aikatansu, wadda ke faɗowa Litinin ta farko a Satumba. Ƙa'ida ce ta masu hannu da shuni na can a ƙarnin da ya wuce, masu barin birni su tafi hutun bazara su dawo su adana fararen kayansu, kuma su kansu Amurkawa da yawa sun daina kula ta. Mu da ya zo mana a hadisi cewa fararen tufafi suna daga mafi alherin tufafinmu, mu da ke cika masallatan Juma'a da fararen kaya daga Muharram zuwa Zulhajji, mene ne haɗinmu da wannan?

Masu makarantun za su ce kwat na koya wa yaro da'a da kamala, yana kuma ba shi kwarjini. Wannan magana ba ta da nauyin da za a tsaya a kanta, domin babu da'ar da ke shiga kan yaron da gumi ke zuba a kan littafinsa. Gaskiyar ita ce kwat talla ce. Ana sa wa yaro ita ne don maƙwabta su gani a bakin titi su ce makarantar nan ta 'yan gayu ce, sannan a sami hujjar ƙara kuɗin zango. Ga kuma ribar da ake ci a kan ɗinkin kansa, tunda an hana uba zuwa Kantin Kwari ya yanko yadi ya kai wa telansa na unguwa. Yadin ma galibi na roba ne, ba ya shan gumi, iska ba ta ratsa shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda lamarin ke juyewa idan sanyin ya zo. A watan Janairu, lokacin da asubahin Kano ke sa hannu ya ƙage, na Jos kuwa ba a magana, uwa za ta je Ƙofar Wambai ta zaɓo wa ɗanta rigar sanyi ta gwanjo mai kauri daidai ƙarfinta, ta shafe masa ƙafa da man kaɗanya, ta ɗaura masa hula. Ya isa bakin ƙofar makaranta a ce ya cire, launinta bai dace da yunifom ba. Kwat ɗin da aka saya a Satumba kuwa ta riga ta koɗe, kuma dama ba ta rufe ƙirji. Sai yaro ya tsaya a layin taron safe yana rawar ɗari, ƙura na shiga masa hanci. A zafi an dafa shi, a sanyi an tuɓe shi, duk da sunan doka ɗaya.

Manya ma ba su tsira ba, kuma daga wurinsu yaran suka gada. Ma'aikacin banki na tsaye a bakin titi cikin baƙar kwat yana jiran A-daidaita-sahu a watan Afrilu. Lauya na shiga kotun da babu wuta da baƙar riga har ƙasa da hular gashi a ka. Ingilar da ta ba mu wannan hula ta cire wa alƙalanta ita a shari'o'in da ba na laifi ba tun 2008. A Kenya, Alƙalin Alƙalai Willy Mutunga ya ajiye ta a 2011. A Malawi, kotun da ke sauraron ƙarar zaɓe ta dakatar da sa hula da riga a Oktoban 2019 saboda tsananin zafi. Burkina Faso ta koma ɗinka rigunan alƙalanta da saƙin audugar ƙasarta. Mu muna nan riƙe da abin kamar wahayi ne. Kuma kowace kwat da aka sa a ofis, na'urar sanyaya ɗaki ce ke biyan bashinta, a ƙasar da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, zuwa naira 225 kowane ma'auni a Afrilun 2024, man janareta kuma kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023.

In ma kwaikwayon ne ya zama dole, ai akwai waɗanda suka fi cancanta a kwaikwaya. Japan na da tsohuwar al'adar sauya tufafi: ɗalibai da ma'aikata masu yunifom kan koma kayan zafi ranar 1 ga Yuni, su koma na sanyi ranar 1 ga Oktoba. A 2005 gwamnatinsu ta fito da shirin Cool Biz, lokacin Yuriko Koike na ministar muhalli, aka ce ma'aikata su ajiye kwat da laktaye a bazara, a bar na'urar sanyaya ofis a kan digiri 28. Daga 2021 ma'aikatar ta daina yanka wa kowa rana ɗaya, ta bar wa mutane su duba yanayin garinsu. Babu wanda ya ce ma'aikacin Tokyo ya rasa kamala don ya zo ofis da riga mai gajeren hannu.

Ba na wanke namu na gida. Angon da ke sa shadda mai sitaci da babbar riga mai nauyin aiki da ƙarfe biyun rana, da matan da ake ɗora wa ankon leshi mai ƙaiƙayi a tsakiyar bazara, da hijabin yadin roba da ake ɗinka wa 'yan firamare, duk matsalar ɗaya ce. Amma iyayenmu ba haka suka bar mana ba. Sun san riga mai faɗin hannu da iska ke shiga ta fita, sun san saƙin auduga, sun san gwado da bargo idan ɗari ya sauka, rawani kuma na tare ƙurar hunturu daga hanci da baki. Masaƙun Kaduna da suka fara aiki tun 1957 da audugar Funtuwa da Gusau suka tufatar da Arewa, kuma rufe su na cikin abin da ya jefa mu hannun yadin roba mai araha.

Ma'aikatun ilimi na jihohi su ke ba makarantun nan lasisi, su ke tura masu duba su. Ba zai gagare su ba su ce daga Maris zuwa ƙarshen Oktoba babu kwat babu laktaye a aji, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma kowace rigar sanyi mai tsabta ta halatta, ko wane launi ce. Kafin su farka, iyaye su tayar da maganar a taron iyaye da malamai na wannan zango, su tambayi mai makaranta a gaban kowa ko shi zai iya zama awa shida cikin wannan kwat a ajin da ya zuba 'ya'yansu.