Gidan da kuke gani a fim ɗin nan fa gidan mutane ne

Salamu alaikum jama'a. Wannan maganar kusan sati uku kenan tana ci na a rai, yau dai nace bari in zauna in rubuta ta ko da zata yi tsawo, mai data da haƙuri ya karanta har ƙasa dan Allah kafin yayi komen.

Watan da ya wuce Gwaggona ta zo biki daga Damagaram ita da autarta, shekararta goma sha ɗaya rabonta da Kano. Da aka kai amarya hayaniya ta lafa sai nace Gwaggo gobe ina zan kai ki, Kwari ko Kurmi, don na san duk wanda yazo daga Nijar baya komawa sai ya ɗauri atamfa da shadda. Sai tace a'a ɗana, Kwari tana nan ba inda zata, ni gidan Alhajin nan na cikin shirin da muke kallo nake so ka kai ni, mai farin get ɗin nan da bishiyar darbejiya a ƙofa. Bazan faɗi sunan shirin ba kuma bazan faɗi unguwar ba, in kun kai ƙasa zaku gane dalili. Ashe duk sati in sabon kashi ya fito a YouTube matan gidansu da na maƙota a ɗakinta suke taruwa a kan waya ɗaya, ta san kalar labulen falon nan, ta san kujerar da Alhaji yake zama in ransa ya ɓaci, har ta yi wa ƙawayenta alƙawarin zata taka ƙofar gidan da ƙafarta ta dawo ta basu labari.

Toh ina da aboki da yake aikin haske a wajen 'yan fim, irin masu riƙe fitila da jan waya, kullum yana Zoo Road inda ofisoshinsu suke da yawa. Na kira shi nace ga abinda ake ciki. Ya daɗe yana ja min rai kafin ya min kwatance, kuma sai da yasa nayi alƙawarin bazan saka a intanet ba. Shi ya fara buɗe min ido. Yace abinda kake gani gida ɗaya a talabijin wani lokacin gida uku ne, get ɗin da harabar a wata unguwa, falon a wata unguwa can daban, ɗakin kwanan ma wataƙila ɗakin otal ne aka kama na wuni ɗaya, mai editin ne yake haɗa su jarumi ya buɗe ƙofa a nan ya shigo a can kai kuma kana zaune baka sani ba. Akwai wanda aikinsa kenan a cikin ma'aikata, nemo lokeshan, yayi ta yawo yana roƙon masu gida, wani ya karɓi kuɗi wani ya bada aro saboda sanayya kawai. Kuma fim mai dogon zango ba kamar na da bane da ake gamawa a sati biyu a tattara a tafi, wannan sai a shekara biyu uku ana dawowa gida ɗaya, mutum ashirin talatin da janareta da fitilu da kuloli na abinci, ace kowa yayi shiru har yaran gida, ace dan Allah kar a canza labulen nan kar a sake fentin get don kar kallo ya karye.

Bayan la'asar muka hau adaidaita mu uku. Da muka shigo layin tun daga nesa Gwaggo ta dafa kafaɗata tace tsaya, wallahi shi ne. Ta sauka ta tsaya shiru tana kallo kamar wacce ta ga gidan da aka haife ta. Ni kuma abinda na fara lura dashi gidan bai kai girman da yake a fim ba, layin ko kwalta babu, ga kwata a gefe wacce kamara bata taɓa nunawa ba, amma ita duk wannan bai dame ta ba ko kaɗan, idonta har ya ciko. A nan na yarda cewa son ganin wajen nan ba shirme bane. Mutum ya shekara yana shiga gida da idonsa duk sati, yayi kuka a ciki yayi dariya a ciki, dole zuciyarsa ta ɗauke shi kamar gidan dangi.

Amma fa ba mu kaɗai muka zo ba. Mun tarar da samari wajen biyar da 'yan mata biyu suna ɗaukar bidiyon TikTok a jikin get ɗin, ɗaya yana buga ƙarfen da hannu yana kwaikwayon wata fitowa ta cikin shirin, ɗaya kuma ya taka dutse ya ɗaga waya sama ta kan katanga yana ɗaukar cikin gida. Cikin gidan mutane fa, gidan da akwai matan aure. Wlh jikina yayi sanyi. Maigadin dattijo ne, ya fito yana musu faɗa suna dariya suna ɗaukarsa shi ma, kun san yanzu faɗan dattijo ma abin sakawa ne a samu masu kallo. Da suka watse na matsa nace Baba sannu da aiki, ya kalle ni a gajiye yace kuma ku ma hoton ne? Kafin in bada amsa Gwaggo ta rusuna ta gaishe shi, ina wuni lahiya lau ya iyali, tace Malam daga Damagaram muke, ba mu zo da ɓarna ba, in da hali a yi mana sallama da matar gidan mu gaisa, in babu hali mun gode mun ga ƙofa ya ishe mu. Ya ɗan yi jim sannan ya shiga, can ya dawo yace Hajiya tace mata su shigo. Ni na zauna a benci a waje tare da shi, don haka aka saba, namiji baligi baya faɗawa gidan mutane.

Zaman rabin awar nan shi yasa nake wannan rubutun. Baba yace min tunda shirin yayi tashe basu huta ba. Wasu sai bayan isha'i suke zuwa su buga get suce Alhaji wane suke nema, da sunan da yake amsawa a fim, kayi ta rantsuwa ba nan yake ba suce ɓoye shi ake. Wata mata ta taɓa zuwa da takardar asibitin ɗanta tana neman taimakon Alhajin saboda ta ga yana kyauta a cikin shirin, yace ranar shi kansa sai da yayi hawaye. 'Yan matan gidan basa iya tsayawa a ƙofar gidansu su jira adaidaita saboda kar su tsinci kansu a wayar wani. Ranar sallah kuwa yace layin kamar ana rabon kaya, maƙota suna ta ƙorafi an tare musu hanya. Kuma duk wannan masu gidan ko sisi basu karɓa ba, abokin ɗansu ne ya roƙa suka bada.

Da Gwaggo ta fito tana ta sa albarka, an basu ruwa da zoɓo an karɓe su hannu biyu. Tace ɗana ashe falon ba shi bane, ko kama basu yi ba. Hajiyar ta faɗa mata cewa harabar kawai suka bayar, kuma yanzu suna shawarar in an gama wannan zangon su ce a nemi wani wajen, sun gaji. Ta kuma roƙe su kar su ɗauki hoto, Gwaggo ta maida wayarta jaka ko ɗaya bata ɗauka ba duk da alƙawarin da ta yi wa ƙawayenta.

Ra'ayina a nan a fili yake. Mu masu kallo mu ne muke neman kashe abin nan da hannunmu. In masu gidaje suka daina bada aro, kuma wlh da yawa sun fara, waye zai yi asara? Mu da muke so mu ga labarinmu a cikin gidaje irin namu. A garin nan aka koya mana sallama sau uku in ba a amsa ba ka juya, a garin nan ake rubuta ba shiga a soro kuma yaro ƙarami ma ya san ma'anarta, to me yasa da zarar an nuna gida a talabijin sai muga kamar ya zama kasuwa? Shigar kamara gida da izinin masu shi bai baka izini kai ba. Kuma masu saka kwatancen lokeshan a komen, wai layi kaza bayan masallaci kaza, ku ji tsoron Allah, ba ku san wa zai karanta ba a wannan zamanin da ake fama da tsaro.

Ba mu kaɗai abin ya sama ba fa. A Amurka akwai gidan da aka ɗauki shirin Breaking Bad a garin Albuquerque, gidan wasu iyali ne na gaske da suke zaune a ciki a lokacin, masu kallo suka dinga zuwa suna jefa fiza a saman rufin saboda an yi haka a wata fitowa, sai da masu gidan suka kewaye shi da shingen ƙarfe a 2017. Amma wasu ƙasashen sun gane cewa ƙishirwar nan ta masu kallo gaskiya ce sai suka yi mata rijiya. Shirin Ertugrul da matasanmu suka haddace, wanda aka fara a 2014, a wani waje Riva kusa da Istanbul aka gina tantuna da ƙauyen da kuke gani, yanzu mutum zai sayi tikiti ya shiga ya zaga yasa kayan zamanin yayi hoto iya son ransa babu wanda ya takura wa. Indiya da muka taso da finafinansu tun zamanin sinimar Plaza da Marhaba, suna da ƙauyen fim na Ramoji a Hyderabad tun 1996, ana shutin a gefe baƙi suna yawo a gefe.

Mu kuma tun 1990 da aka yi fim ɗin Turmin Danya ake wannan sana'a a Kano, sama da shekara talatin, har yau yawancin aikin a gidan aro ake yi. Na san wasu zasu tuno 2016, lokacin da gwamnatin tarayya tace zata gina ƙauyen fim na naira biliyan uku a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai da jama'a da dama suka nuna basu yarda ba aka janye. Ni ba zan zagi kowa a kan wannan ba, waɗanda suka ƙi tarbiyyar 'ya'yansu suke ji wa tsoro kuma tsoron nan ba na wasa bane. Amma mu duba abinda ya biyo baya tsakani da Allah, fim bai tsaya ba, ƙaruwa ma yayi ya koma waya, sai dai maimakon a waje ɗaya mai ƙofa da doka da lokacin tashi, yanzu a cikin unguwanni ake yi a ƙofar gidajen mutane. Hukumar tace finafinai ta jihar Kano tana nan tun 2001, in akwai waje ɗaya ai sa ido ma yafi sauƙi. Ba sai na biliyoyi ba, fili da 'yan gine-gine, soro da zaure da falo da 'yar kasuwa, ranar da ba shutin a buɗe wa iyali da rana su biya ɗan abinda ya sawwaƙa su shiga, mai awara da mai lemo su samu ciniki.

Sannan ku 'yan fim ma akwai naku. Ku daina ɗaukar get ɗin mutane da lambar gida da sunan layi a fili. Kuma ku fito da garin nan mana, kullum falo da mota da gidan sama kamar babu komai a Kano sai su. Kun iya ƙirƙirar gari sukutum, mutane har yau suna tambayar ina garin Daɗin Kowa na Arewa24 yake, wasu suna zaton na jihar Gombe ne mai dam alhali na cikin shirin ƙirƙira ne, to wanda ya iya sa mutane son garin da babu shi ai zai iya sa su son wanda yake tsaye. Ga Dala ga Goron Dutse, ga Kurmi da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ga Gidan Makama, ga karofin Ƙofar Mata tun 1498, ga Gidan Ɗan Hausa, ga abinda ya rage na badala tana zaizayewa muna kallo, ga Tiga in ruwa kuke so. Waɗannan ba gidan kowa bane, baƙo zai je da rana tsaka ba sai ya leƙa katangar wani ba, kuma in shiri ɗaya mai tashe ya ɗauki fitowa uku a bakin karofi na tabbata masu rinin nan zasu ga baƙin da suka daɗe basu gani ba.

Washegari da sassafe kafin rana tayi zafi na kai su Dala. Gwaggo tana hawa tana hutawa, autarta tana riƙe da hannunta, da muka kai sama ta zauna a kan dutse tana maida numfashi, na nuna mata hasumiyar masallacin Juma'a na cikin gari da wajen gidan Sarki da Goron Dutse can gefe. Tace ɗana ta ina gidan jiya yake? Na nuna mata saitin da hannu duk da ba a hango shi. Ta miƙo min wayarta tace to ɗauke ni a nan, ka sa garin duka ya fito a bayana, wannan zan kai musu.