Tauraruwar da ba ta taɓa shiga Kasuwar Wunti ba

A watan jiya wata yarinya da na koyar a sakandare ta turo mini babi uku na littafin da take rubutawa, ta WhatsApp. Ta ce, "Malam, a duba mini, kuma a gaya mini gaskiya." Na duba. Shafi biyu cur ta yi tana siffanta tauraruwarta: fara ce sol, doguwa, gashi har gadon baya, idanu dara-dara. Mahaifinta attajiri ne a unguwar Maitama, Abuja. Da na kai ƙarshen babi na uku na san launin labulen ɗakin yarinyar, amma ban san ko marowaciya ce ko mai kyauta ba, ban kuma san abin da ke hana ta barci ba.

Ita marubuciyar a Bauchi aka haife ta, a nan ta girma. Abuja kuwa sau ɗaya ta taɓa zuwa.

Wannan matsala ta yi yawa a ƙagaggun labaran da matasanmu ke sakewa a Wattpad da Facebook, kuma tana damuna domin da yawansu suna da baiwa. Kirarin kyau ba ya gina tauraro. Mai karatu yana sanin mutum ne idan ya ga abin da ya zaɓa lokacin da aka matse shi. A kai tauraruwar nan Kasuwar Wunti ta Bauchi da kuɗin cefanen da ba za su isa ba, sai mai kayan miya ya yi kuskure ya ba ta canji fiye da nata. Ta mayar? Ta soke a jaka tana waige-waige? Ko ta yi taku goma, zuciyarta ta ƙi, ta dawo? Layi biyar sun isa, kuma bayansu duk abin da ta yi wa kishiya ko uwar miji, mai karatu zai ce lalle ita ce.

Wurin ma aiki yake yi. Wanda ya taɓa tsayawa layin masa da sassafe cikin hunturu ya san hayaƙin tanda, ya san yadda mai suya ke sallamar wani tana amsa gaisuwar wani. Irin wannan ba a aro shi daga fim. Haka maganar baki: tsohuwar Azare mai Guddiranci ba ta magana kamar ɗalibar jami'a a unguwar Yelwa ta Bauchi, amma a littattafan nan kowa da kowa, har kaka, bakin marubuciya yake ara.

Muna da abin koyi a gida. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana matashi ya rubuta Shaihu Umar, ya shigar da shi gasar 1933 da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya. Abin da ya zauna a zuciyar masu karatu shi ne uwar da ta bar gida ta bi sahara neman ɗanta. Tafiyar ce ta nuna mana wace ce ita.

Na san abin da za a ce: masu karatu sun gaji da talauci, suna biyan kuɗi ne don su ga daula su manta da wahala. Da gaskiya a ciki, kuma ba na ƙin a rubuta masu kuɗi. Sai dai 'yar attajiri ma tana da abin da take tsoro da abin da take ɓoyewa, kuma don waɗannan ne ake jiran babi na gaba. Jerin motoci sau ɗaya yake burge mutum.

Na ce wa ɗalibata ta ajiye babi na farko, ta je ta yini a ɗakin kakarta tana saurare, sannan ta rubuta mini shafi ɗaya da ba a ambaci launin fatar kowa ba. Bayan mako guda ta turo. Wata budurwa ce a bakin rijiya tana wanke kwanon da ta riga ta wanke, don kada ta shiga ɗaki ta ji ranar da aka sa mata. Na karanta shi sau uku.