Ranar da na tayar da tara-sha-ɗayar nan

Duk wanda ya sake kira na Janar a majalisa, ni da shi ne. Tunda kowa na ba da labarin yadda ya ga dama, bari ku ji daga bakin mai shi.

Kun san motar. Marsandin sojan nan 911 da na kwaso a gwanjo, wadda ta shekara goma sha ɗaya a ajiye har kaji suna ƙwai a gidan direba. Injinta OM352 ne, silinda shida, lita 5.7, doki 130. Wata bakwai na yi a kanta a ƙofar gida, Asabar da Lahadi. Na sauke kan injin, na kai karanshaf aka goge, na sayo metal da ringi da gaskit a Ƙofar Ruwa. Wajen mayar da ringi na karkasa bakinsu kada su haɗu a layi ɗaya mai ya riƙa haurowa. Notikan kai na ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, zagaye uku, ba a tashi ɗaya ba. Bawul na shiga na ba shi ratar milimita 0.20, na fita 0.30, injin na sanyi. Bututun nozul na mayar da kowanne kan silindarsa, wutar kuwa 1-5-3-6-2-4 take tashi. Na wanke tanki, na sauya filta, na buga ɗan famfon hannu har kumfa ta daina fitowa. Wallahi aikin ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida.

Abu ɗaya ne ban taɓa ba, famfon gas. Na ga jikinsa tsaf, na ce kayan Bosch ne, ba ya son shisshigi.

Baba Soja, wanda ya tuƙa irinta shekara da shekaru a barikinsu, sau uku yana tambayata, "Yaro, ka buɗe murfin gefen famfon ka ga sandar na motsi?" Sau ukun ina ce masa, "Baba, an gama komai." A raina kuwa cewa nake tsoho ya samu wurin hira. To ga abin da yake nufi. A cikin famfon akwai wata sanda mai haƙora da ke kai da komowa, ita ke ƙara mai ko ta rage. Idan mota ta daɗe a ajiye, tsohon gas yakan daskare kamar ƙaro ya riƙe ta. In ta maƙale a wurin cikakken mai, gwamna, wato na'urar da ke bayan famfon mai daidaita gudun injin, ba shi da ikon janyo ta. Kuma irin wannan tsohon injin gas ba ruwansa da makulli, ko ka zare shi ka jefa rijiya, muddin mai da iska na shiga, ci gaba zai yi.

Ranar Lahadi bayan la'asar na haɗa batir biyu, volt 24 ke nan, unguwa ta taru. Har sabuwar shadda na sa, don me ban sani ba. Na hau, na yi bismilla, na buga kik. Ta yi tari sau biyu ta kama. Daƙiƙa uku na yi ina sarauta, har na ɗaga wa mutane hannu. Sai kukan ya fara hawa. Na ɗauke ƙafa daga totur, ya ƙara hawa. Na murɗa makulli, ko a jikinta. Baƙin hayaƙi ya rufe layin, bodi na rawa, sifanun da ke kan madigadi suna zubowa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya kamata in yi na san shi sarai: a toshe mata iska. Abin da na yi kuwa, na diro. Ban ma bi ta matakala ba. Aljihun shaddar ya kama hannun ƙofa ya yage har gwiwa, takalmi ɗaya ya yi gabas, ni na yi yamma, ban tsaya ba sai bayan teburin mai shayi, na tsuguna ina riƙe da garwar ruwansa. Ina nan tsugune Baba Soja, da sandarsa da ɗingishinsa, ya fizge murfin tukunyar taliya daga hannun Maman yara, ya kifa shi a bakin bututun iska, da yake ban mayar da gidan iskar ba tukuna. Murfin ya manne ya lotsa, injin ya shaƙe ya mutu. Unguwa ta yi tsit, sai ƙarar fanka tana ƙarasa juyi. Ya waiwayo yana nemana a cikin taron, bai gan ni ba, sai da yara suka nuna masa.

Shi kuma mai shayin nan, ban yafe masa ba. Shi ke yaɗa cewa na yi ihu na kira Inna. Ban kira ba. Salati na fara, numfashi ya yanke a tsakiya. Mutumin da tun azumin bara nake binsa kuɗin gyaran janareto, ko sau ɗaya ban tayar masa da maganar ba, shi ne yanzu in na zo wucewa yake ƙamewa ya sara mini da ludayi. Har ƙari ya yi wai na zubar masa da madara gwangwani biyu. Ɗaya ne, kuma dama buɗaɗɗe ne.

Washegari na cire famfon na kai wa masu gyaransa. Fulanja biyu ne, wato ƙarafan cikin famfon da ke tura mai, suka kafe, sai da aka jiƙa su kwana biyu kafin sandar ta fara zamewa da ɗan yatsa. Allah ya taimaka metal bai ci wuta ba, na sauke kwanon baƙin mai na duba. Yanzu in zan tayar da ita, katako mai kauri na nan kusa da bakin iskar, kada wani ya ce zai sa tafin hannu.

Maman yara har yau tana maganar murfinta, wai na kayan aurenta ne, ba a samun irinsa. Na sayo biyu, duk ba su hau tukunyar ba. Burki kuma ban ko fara shi ba.