Kafin ka ɗauki famfon feshi, ka tambayi ciyawarka me ke damunta

Akwai wani abu da kusan duk mai koren fili yake yi, ko na gida ne ko na makaranta ko filin ƙwallo, da zarar ya ga baƙuwar ciyawa ta fara leƙowa cikin ciyawar adon da ya shuka sai ya ce a kawo maganin feshi. Toh a fesa, bayan sati biyu wurin ya yi fes, bayan wata biyu kuma ga ta nan ta dawo har ta fi da yawa, sai a sake fesawa, haka dai ake ta zagaye shekara da shekaru. Ni dai ra'ayina a kan wannan a fili yake, maganin kashe ciyawa ba haramun ba ne kuma akwai inda babu makawa sai shi, amma mayar da shi abin farko da ake kamawa kuskure ne babba, don yawancin lokaci ba ciyayin ne matsalar ba, ciyawar da ka shuka ce ta yi rauni ta buɗe musu ƙofa.

Bari mu fara daga ƙasar kanta. Duk ƙasar da kake gani cike take da irin ciyayi suna kwance suna jiran haske da danshi, kuma ba sa gaggawa. A shekarar 1879 wani masanin tsirrai mai suna William Beal ya binne kwalabe cike da yashi da irin ciyayi a Michigan ta Amurka don a ga tsawon lokacin da za su rayu, ana tono kwalba ɗaya lokaci-lokaci, kuma da aka tono a 2021 wasu daga cikin irin sun tsira, bayan shekara sama da 140 kenan. Kaga kenan mai tunanin zai fesa magani sau ɗaya ya gama da ciyayi har abada bai fahimci da wa yake faɗa ba. Feshi yana kashe abin da ya riga ya fito ne, ya bar maka gurbi, gurbin nan kuma rana tana dukan ƙasa kai tsaye, irin da ke kwance ya farka. In ciyawar adonka ba ta yi saurin rufe wurin ba wata ce za ta rufe.

Shi ya sa nake cewa ciyayin nan suna ba ka labari ne in ka san karatunsu. Ka ga tuji, wannan mai taurin kan da in ka ja shi sai ka ji kamar an ɗaure shi da ƙasa, ya fi son inda aka tattake ƙasa ta dandaƙe, bakin hanya, inda yara ke buga ƙwallo, inda ake faka mota. In ya cika maka fili to ƙasarka ce ta yi tauri iska da ruwa ba sa shiga, ciyawar ado ba ta iya jefa saiwa, shi kuma ko a jikinsa. Aya-aya kuwa tana son inda ruwa ke kwanciya, in ta yi yawa ka duba ko famfo na yoyo ko ana ban-ruwa fiye da kima ko magudana ta toshe. Harkiya tana shigowa inda ciyawa ta yi sako-sako ko aka aske ta ƙwal. Tsidau da ƙarangiya suna mamaye busasshen wuri mai yashi da aka yi watsi da shi. Kowacce da dalilin zuwanta, in ka kashe ta ka bar dalilin ai ka san za ta dawo.

Babban laifin da ake yi wa koren fili, kuma wanda ba a cika ɗaukarsa laifi ba, shine yanka shi ƙasa-ƙasa. Mutane na ganin in an aske shi tas ya fi kyau kuma zai daɗe kafin a sake yanka, amma ganyen nan da shi ciyawa ke haɗa abincinta, in ka sare shi gaba ɗaya saiwar ma sai ta gajarta. Ƙa'idar da masu kula da filaye suka sani ita ce kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a yanka ɗaya, wato in ciyawa ta kai santimita 9 ka sauko da ita 6, ba 2 ba. Doguwar ciyawa mai kauri tana yi wa ƙasa inuwa, irin harkiya da ire-irenta kuma suna buƙatar haske kafin su tsira, wannan kaɗai yana rage ciyayi fiye da yadda mutum zai zata, kuma ko sisi bai ci ba, ɗaga kan injin yankan kawai za ka yi. A wasa wuƙar injin ma, don dakusasshiyar wuƙa yagar ganye take yi ta bar shi da rauni cuta ta shiga.

Sai ban-ruwa. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum safe da yamma yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, daidai inda irin ciyayi yake, ita kuma ciyawar ado sai ta saba da neman ruwa a sama ba ta zurfafa saiwa. Gara ka ba ta ruwa sosai ya ratsa ƙasa sannan ka bar saman ya ɗan bushe kafin ka sake, kamar santimita 2 zuwa 3 a sati shine abin da aka saba ba da shawara, gwargwadon zafi da irin ƙasar. Inda ta dandaƙe a huda ta da cokali mai yatsu na lambu iska ta shiga, a zuba ruɓaɓɓen taki, inda ya yi sanƙo a dasa ko a watsa iri nan da nan kada a bar shi fili. Wannan shine aikin gaskiya, ba shi da ban sha'awa kuma ba ya nuna sakamako a kwana uku, shi ya sa ake gudunsa.

Cira da hannu ma mutane sun raina ta, alhali a ƙaramin fili ta fi komai. Bayan ruwan sama ƙasa na da laushi, ka tuge har saiwa, kuma abu mafi muhimmanci ka yi kafin ta yi fure ta zubar da iri, don ƙwaya ɗaya da ka bari ta nuna za ta iya zubar da ɗaruruwa ko dubbai. Amma fa a nan zan faɗi gaskiya, akwai waɗanda hannu ba ya iya musu. Aya-aya tana da 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa haɗe da juna da zare, in ka ja ganyen sai zaren ya tsinke 'ya'yan su zauna, kowanne ya sake tofowa, sai dai in za ka dinga binta duk lokacin da ta fito tana ƙarama har ta ƙare ƙarfinta, ko ka haƙa ka tsince 'ya'yan. Tofa ma haka, saiwarta tana tafiya a ƙarƙashi, ɗan guntu ya isa ya zama sabuwar shuka. A irin wannan ne nake ganin magani yana da hujja.

To amma wane magani? Nan ne ɓarnar take, don da yawa ana sayen kwalba ne kawai an ji an ce tana kashe ciyawa. Glyphosate, wanda kamfanin Monsanto ya fito da shi kasuwa a 1974 da sunan Roundup, ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa zai kashe har da ciyawar da ka sha wahalar shukawa. Yana shiga ta ganye ya gangara har saiwa, yana ɗaukar kwanaki kafin ka ga ya fara aiki, shi ya sa masu gaggawa ke sake fesawa ko su ninka awo, duk a banza. Shi kuma 2,4-D wanda aka fara amfani da shi tun shekarun 1940 yana zaɓe, yana kama masu faɗin ganye ya ƙyale dangin ciyawa, yana sa tsiron ya yi girman hauka ya murɗe ya mutu. Kaga in matsalarka tuji ne ko harkiya, waɗanda su ma dangin ciyawa ne, 2,4-D ba zai yi musu komai ba, ka zuba guba a ƙasa kawai. Aya-aya kuwa ba dangin ciyawa ba ce ba kuma mai faɗin ganye ba, danginta daban, akwai magunguna irin halosulfuron da aka yi domin ita. Akwai kuma waɗanda ake zubawa kafin iri ya tsira kamar pendimethalin, su ba sa kashe wadda ta riga ta girma, kuma in ka zuba su sannan ka watsa irin ciyawar ado shi ma ba zai fito ba. Wanda bai san sunan abin da ke filinsa ba bai kamata ya buɗe kwalba ba, wallahi wannan shine mafi ƙarancin sharaɗi.

Maganar lafiya kuwa ba na son a yi ta da ihu ba na kuma son a share ta. A watan Maris na 2015 hukumar binciken ciwon daji ta IARC da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka glyphosate cikin rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo kansa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce ita ba ta ga alamar haka ba in an bi ƙa'ida, Tarayyar Turai kuma ta sabunta masa izini na shekara 10 a 2023. Kamfanin Bayer da ya sayi Monsanto a 2018 ya biya biliyoyin daloli wajen sasanta ƙararraki a Amurka. Masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba kenan. Abin da nake tambaya shine, manomi da ke neman abin da zai ciyar da iyali yana da dalilin auna wannan haɗarin da amfanin gonarsa, amma kai da kake neman fili ya yi kyau a ido kawai, wurin da yara ke birgima suna sa hannu a baki, me ya kai ka ka fesa shi daga bango zuwa bango? Wannan bambancin ne ya sa lardin Ontario na Kanada ya hana feshin kwalliya a filayen gidaje tun 2009, Faransa ma ta hana hukumomi amfani da irin waɗannan magunguna a wuraren shaƙatawa daga 2017, ta hana masu lambun gida daga 2019, kuma filayensu ba su koma daji ba.

Wanda kam bai kamata ya kusanci gida ba sam shine paraquat. Mutane na sonsa don yana ƙone ganye cikin kwana ɗaya, amma kurɓa ɗaya na iya kashe mutum, yana lalata huhu kuma babu makarinsa, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007. Ga shi ma saman tsiro kawai yake ƙonawa, aya-aya da tofa su sake tofowa abinsu. Kuma don Allah a daina juye ragowar kowane magani a robar ruwa ko ta lemo, ta nan yara suke sha.

Wani abin da ba a cika faɗa wa masu feshi ba shine ciyayi suna sabawa da magani. An fara samun ciyawar da glyphosate ba ya kashewa a Ostareliya a 1996, ba a jima ba aka samu tuji mai irin wannan juriyar a Malesiya, a gonakin da ake ta fesa magani ɗaya sau da yawa a shekara. Duk feshin da ka yi kana kashe masu rauni ne ka bar masu juriya su hayayyafa, kwalbar da ta yi maka aiki bana ba lallai ta yi nan da 'yan shekaru ba.

Yanzu kuma ga 'yan uwana masu cewa su ba ruwansu da sinadari, sai dabarun gida, ku ma akwai gyara. Gishiri da ake ta yaɗawa a intanet cewa yana kashe ciyayi, eh yana kashewa, amma yana zama a ƙasa ya hana komai tsira har ciyawar da kake so, ruwa kuma ya janye shi zuwa gindin bishiyoyi da furanni, ɓarnarsa ta fi ta wasu magungunan daɗewa. Tafasasshen ruwa yana da kyau a tsagar siminti ko tsakanin duwatsun daɓe, amma a tsakiyar koren fili zai dafa ciyawarka ne tare da baƙuwar. Ruwan binega na kicin ganye kawai yake ƙonawa, mai saiwa mai zurfi za ta dawo. Dabarar da na yarda da ita in wuri ya lalace gaba ɗaya ana so a sake sabo ita ce a jiƙa ƙasar a lulluɓe ta da farar leda mai garai-garai a lokacin tsananin zafi na sati 4 zuwa 6, zafin da ke taruwa yana kashe yawancin irin da ke sama-sama, duk da aya-aya takan tsallake.

In dai ta kama dole a yi amfani da magani, a yi shi kamar allura, daidai wurin ciwo. Ɗigo a kan tsiron da kake nufi ko a shafa masa da soso ko burushi, ba feshin fili duka ba. A karanta takardar jikin kwalba a bi awon da aka rubuta, a sa safar hannu da dogon wando da takalmi rufaffe da takunkumi, kada a fesa ana iska don 2,4-D kaɗan ya isa ya murɗe tumatir ko furannin maƙwabci, kada a fesa hadari na haɗuwa don ruwa zai wanke shi zuwa kwata da rijiya. Yara da dabbobi su nisanci wurin har ya bushe ko iya lokacin da takardar ta faɗa. Bayan tsiron ya mutu a cike gurbin da ciyawar ado, in ba haka ba an yi aikin banza.

Sannan mu rage wa kanmu buri. Ba kowane baƙon tsiro ne abokin gaba ba, kafin magungunan masu faɗin ganye su yaɗu bayan yaƙin duniya na biyu har da gangan ake haɗa irin clover, wani ɗan tsiro mai ganye uku-uku, cikin irin ciyawar fili a Turai da Amurka saboda yana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin kuma ƙudan zuma na sonsa, sai da magani ya zo yana kashe shi tare da sauran sannan aka fara kallonsa a matsayin ƙazanta. Tsidau da ƙarangiya dole a fitar da su don suna sukar ƙafa, tofa da aya-aya in an bar su za su cinye wurin, amma ɗan ƙaramin ganye da ke kwance tsakanin ciyawa, kore ne, injin yanka na bi ta kansa, ba ya cutar da kowa, ni ban ga dalilin da za a sayo masa guba ba.