Koriyancin aji daban, na kasuwa daban

Wata shida na yi ina zuwa ajin Koriyanci a nan birnin Degu na Koriya ta Kudu kafin na yarda cewa kunnena bai koyi komai ba. Ido dai ya koya. Rubutunsu, Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙaddamar a 1446, baƙaƙe 14 ne da wasula 10, kuma wanda ya taɓa zaman makarantar allo ba zai yi mako guda bai fara haɗa baƙi ba. Amma ranar da wata tsohuwa mai sayar da kayan miya a kasuwar Somun ta dube ni ta ce "bap munna?", sai na yi tsaye kamar an dasa ni. Tambayata kawai take yi ko na ci abinci. A littafi "bap mogossoyo?" aka koya mana, da bakin mutanen Seul, a hankali, kalma bayan kalma. Ita kuwa da karin garinsu ta jefo mini, ta haɗiye rabi.

Da na koma ɗaki sai na tuna 'yan kabilar Ibo masu sayar da kayan gyaran mota a Sabon Garin Kano. Wa ya taɓa ganin ɗayansu da littafin nahawun Hausa? Zai ce wa mace "kai", a yi dariya, gobe ya gyara, kuma ko da wasa ba za ka zage shi bai ji ba. Haka namu suke tsintar Yarabanci a Sabon Ibadan da Agege. Mu da muka zo da takardar makaranta ne muka ɗauka harshe a kan tebur ake koyonsa.

Sai dai in yi wa kaina adalci: a gida harshe ne yake bin ka. Daga ƙofar gida zuwa bakin titi ka amsa ina kwana, ina gajiya, yaya iyali sau goma. Nan kuwa kana iya wuni ba ka buɗe baki ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa tsit, kowa ya duƙufa kan wayarsa. A gidajen abinci da yawa na'ura za ka latsa ka biya. Matasa kuma da sun ga baƙar fata sai su juya zuwa Turanci, ko kunya ta sa su gajarta zancen. Dole kai ka fita farautar hira, kuma a ganina tsofaffi ne abin farautar: masu rumfa a kasuwa, direbobin tasi, dattawan da ke zaune a lambun unguwa. Ba su damu da Turanci ba, ba sa rage gudu dominka, kuma tambaya ba ta ƙare musu. Na daina yawo rumfa-rumfa, na liƙe wa rumfa ɗaya. Muryar da ka saba da ita ita ce take fara buɗe maka.

Abu na biyu da na makara ban gane ba shi ne, Turancin da nake bi ta kansa shi ke ɓatar da ni. Hausa ta fi kusa. In aka ce maka "ba ka ci ba?", Bahaushe zai ce "i, ban ci ba". Haka Bakoriye yake amsawa da "ne", wato i ɗinsu. Mai lissafi da Turanci sai ya amsa a juye, a kawo masa abin da ya ce ba ya so. "Sugohaseyo" da suke wa mai aiki, ai sannu da aiki ce. Kuma ba a kiran babba da sunansa gatsau: namiji ya ce wa yayansa hyong, yayarsa nuna, mace ta ce oppa da onni, matar da ke kawo abinci a kira ta imo, wato inna, mai shago kuwa sajangnim. Mu da muke cewa Yaya, Baba, Hajiya ga wanda ba mu haɗa jini ba, me zai ba mu mamaki? Har tambayar shekaru da suke yi tun a haɗuwar farko, wadda ke ɓata wa Turawa rai, neman sanin matsayinka ne, don a san ko maganar girmamawa za a yi maka ko ta tsara. Kunnen da ya saba raba kafa da ƙafa kuma ba ya raina ɗan bambancin da ke tsakanin dal, tal da ttal, wato wata, abin rufe fuska da ɗiya, ko da yake sautukan ba irin namu ba ne.

Inda Hausa ba ta cece ni ba shi ne ginin jimla. Aikatau a ƙarshe yake zuwa, kuma can wutsiyar ce ke gaya maka ko an yi, ko ba a yi ba, ko tambaya ce, ko roƙo. Mu da muka saba cafke zance tun daga kansa, sai mu saki kunne daidai inda ya kamata mu kasa shi. Ga kuma sautuka da ke narkewa cikin juna: a rubuce hapnida, a baki hamnida, a rubuce gat-i, a baki gachi. Ƙirga ma iri biyu ce, awa da ɗaya, minti da ɗaya, kuɗi kuma da dubu goma-goma ake lissafa shi, abin da suke kira man. Won 15,000 "man ochon won" ne, kafin ka gama juyawa a ka an miƙo maka canji.

Maganin da ya yi mini aiki tsohon abu ne, biya da tilawa. In ɗauki magana ta minti ɗaya daga rediyo, in saurara sau biyar ban duba rubutu ba, in duba, sannan in bi bakin mai maganar da ƙarfi har sai harshena ya daina tuntuɓe. Masu cewa kallon wasan kwaikwayonsu da fassarar Turanci a ƙasa zai buɗe kunne, ban yarda ba. Wannan karatu ne da hoto. Jarrabawar TOPIK ta gwajin iya Koriyanci, mai mataki 6, tana da amfani wajen neman makaranta da aiki, amma muryoyinta a wanke suke tas, babu hayaniyar kasuwa a bayansu.

Yanzu ni da tsohuwar nan muna kai minti goma muna hira, tana gyara mini baki tana ƙara mini gyaran albasa. Malamarmu har ta ce karin Degu ya fara kama ni. Waya ce dai har yau take kayar da ni: in mai kawo saƙo ya kira yana sauri, babu fuska, babu hannu, sai in ce masa ya yi haƙuri ya turo a rubuce.