Ku daina tambaya ta ko na ga fatalwa a Queen Mary

Wallahi abin ya ishe ni. Tun shekaranjiya ake turo min bidiyon nan, ta WhatsApp, ta nan Facebook, wasu har da rubuta sunana a ƙarƙashinsa, kuma kowa tambayarsa ɗaya ce: wai tun da na taɓa kwana a Queen Mary, tsohon jirgin ruwan Birtaniya da aka mayar otal a birnin Long Beach na Kalifoniya, ni ma na ga fatalwa? To na kalli bidiyon daga farko har ƙarshe, kuma ban ga abin dariya a cikinsa ba. Zaratan samari ne tsaye a bakin ƙofa mai lamba 13, can ƙasa wajen ɗakin inji, ɗayansu yana shiga yana fita ta ƙofar, yana kiran sunan yaron da ƙofar ta matse, wai in yana nan ya taɓa masa kafaɗa, sauran suna ta sheƙa dariya. Ku kuma kun cika wurin sharhi da alamar dariya har da hawaye. Rashin tarbiyya ne wannan, kuma duk wanda ya yaɗa shi yana da kaso a ciki.

Yaron nan da suke kira shekararsa 18. Ma'aikacin jirgin ne, ɗan Ingila. A 1966 ana gwajin rufe ƙofofin ƙarfe masu tare ruwa, ƙofar ta rutsa da shi ta matse shi, ya mutu. Ba tatsuniya ba ce, a rubuce take. Wata mace ce ta ɗauki cikinsa ta haife shi. Da ya rayu, da yanzu dattijo ne sa'an iyayen wasunku. Ɗan wani ne, jama'a. In da ƙanenka ne injin wata masana'anta ya kashe, yau aka wayi gari wasu suna tsaye a wurin da jininsa ya zuba suna kiran sunansa don su sami masu kallo, za ka danna alamar dariya?

Tun da kun matsa, ga abin da na gani a jirgin. Ɗaki na gani mai bangon katako mai sheƙi, da 'yar taga zagayayya wadda in ka leƙa za ka hango fitilun Long Beach a kan ruwa. A banɗaki na tarar da makunnan famfo na da har guda huɗu a jere, kowanne da rubutunsa: ruwan gishiri mai zafi, ruwan gishiri mai sanyi, ruwan daɗi mai zafi, ruwan daɗi mai sanyi. Na daɗe a tsaye ina kallonsu, domin a zamanin mutanen nan wanka da ruwan teku abin marmari ne da ake ganin yana ƙara lafiya. Na ga lungu mai tsawon gaske wanda ƙasansa ya lanƙwasa, tsakiyarsa ta yi ƙasa, bakinsa ya yi sama, har in mutum yana tahowa daga can nesa ba za ka gan shi gaba ɗaya ba sai ya matso. Haka aka ƙera jirgin. Da dare kuwa na ji ƙara, ƙwarai na ji. Ƙarfe ne da aka harhaɗa tun shekarun 1930, rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi, dole ya yi kuka, kamar yadda kwanon rufi yake yi a gidajenmu bayan magariba. Bangon ɗakunan ba shi da kauri, tarin maƙwabcinka ma za ka ji. Na yi addu'o'ina na kwanciya, na yi barci, na tashi na yi asuba. Abin da ya faru ke nan, kuma ba zan ƙara masa gishiri don ya yi muku daɗi ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, jirgin nan cike yake da labarin mutane na gaskiya, amma an tattara an ajiye shi gefe ana sayar da tsoro. A Clydebank ta Sikotilan aka fara gina shi a ƙarshen 1930, sunansa a lokacin lamba ce kawai, 534. Bayan shekara ɗaya karayar tattalin arziki ta tsayar da aikin, dubban magina suka koma gida ba abin yi, gangar jikin jirgin ta zauna tana tsatsa fiye da shekara biyu, sai da gwamnatin Birtaniya ta ba da rance bisa sharaɗin kamfanin Cunard mai jirgin ya haɗe da kamfanin White Star. Aka saka shi a ruwa ranar 26 ga Satumba 1934, ya yi tafiyarsa ta farko daga Southampton zuwa New York a watan Mayun 1936. Tsawonsa ya haura mita 310. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke aka shafe shi da fenti ruwan toka, aka cire kayan alatu aka jera gadaje hawa hawa, ya koma jigilar sojoji. A watan Yulin 1943 ya ɗauki mutum 16,683 a tafiya ɗaya. Sojoji kwana suke yi karɓa-karɓa saboda gado bai isa ba. Winston Churchill, firaministan Birtaniya na lokacin, ya sha ƙetare teku a cikinsa. Bayan yaƙi kuma ya kwashi dubban matan da sojojin Amurka da Kanada suka aura a Turai, da jariransu, ya kai su ƙasar da ba su taɓa gani ba. Cikin duk masu turo min bidiyo, wa ya tambaye ni ko ɗaya daga cikin wannan?

Kuma wa ya tambaye ni labarin Curacoa? Ranar 2 ga Oktoba 1942, a arewa da gaɓar Ailan, Queen Mary yana ɗauke da sojojin Amurka wajen 10,000, yana gudu yana karkacewa dama da hagu don kauce wa jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus. Wani tsohon jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Curacoa ne ke yi masa rakiya. Kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan ne zai kauce. Queen Mary ya bi ta tsakiyar Curacoa ya raba shi gida biyu, cikin 'yan mintoci ya nutse. Kuma Queen Mary bai tsaya ba. Umarnin da aka ba kyaftin shi ne kada ya tsaya ko me ya faru, domin in ya tsaya ya zama abin hari, rayuka dubbai na cikinsa. Sai dai ya aika da saƙo, wasu jiragen suka zo daga baya suka tsamo mutum wajen 100. Fiye da 300 suka mutu a cikin ruwan sanyi da baƙin mai, suna kallon jirgin da suka zo karewa yana yin nisa. Aka ɓoye labarin har sai da yaƙi ya ƙare. Wasu gawarwakin ruwa ya kai su gaɓar Sikotilan aka binne su a can. Daga baya kotu ta raba laifin, kashi biyu cikin uku a kan sojojin ruwa, kashi ɗaya a kan Queen Mary.

Ku tsaya ku auna wannan. Ku auna sojan da ke tsaye a bayan jirgi yana kallon mutane a ruwa, an hana a tsaya. Ku auna kyaftin ɗin da ya ci gaba da rayuwa da wannan a zuciyarsa. Yau me ya rage na waɗannan mutane a bakin masu farautar fatalwa? Wai in ka sauka can gaban jirgin ka kasa kunne za ka ji suna ƙwanƙwasa ƙarfe. Mutum fiye da 300, kowanne da sunansa da garinsu da wadda ta yi masa kuka, an mayar da su ƙarar da za a naɗa a waya. 'Ya'yan wasu ne. Zan yi ta maimaitawa har sai ta shiga.

Su kuwa fatalwowin da aka fi tallatawa fa? Wai akwai yarinyar da ta nutse a wurin ninƙaya na manyan fasinjoji, ana jin dariyarta, ana ganin sawun ƙafarta a jiƙe. Masu bin tarihin jirgin sun sha faɗa cewa babu shaidar wata yarinya da ta nutse a wurin. Wai akwai mace mai farar riga da ke rawa ita kaɗai a babban zaure. Ga ɗaki mai lamba B340, wanda aka sake buɗewa a 2018, aka ajiye wa mai kwana allon kiran ruhohi da katin duba da dunƙulen gilashi irin na 'yan duba, kuɗinsa kuma a lokacin ya fi na ɗakunan da ke kusa da shi. Yarinyar da babu shaidar an taɓa haihuwarta tana da suna kowa ya sani. Matuƙan Curacoa kuwa, tambayi masu bidiyon nan su kawo maka sunan mutum ɗaya.

Na san abin da za ku ce. Wani ya riga ya rubuto min cewa ai wasa ne, in daina ɗaukar abu da zafi. Ɗan'uwa, in wasa kake so ka je wurin wasa, Kalifoniya cike take da su. Wurin da mutum ya mutu yana neman abincinsa ba dandali ba ne. Wata kuma ta ce ai ba Musulmi ba ne, me ya dame ni. Hajiya, da girmanki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce ashe ba rai ba ne? Wannan ya ishe ni amsa.

Sai masu cewa ai da kuɗin yawon fatalwa ake riƙe jirgin. Na san jirgin yana cin kuɗi. Birnin Long Beach ya saye shi a 1967 kan dala miliyan 3.45, bayan jiragen sama sun ƙwace masa fasinjoji, kuma tun daga lokacin yake shan wahalar riƙe shi. Wani binciken da aka fitar a 2017 ya ƙiyasta gyaransa zai iya kaiwa dala miliyan 289. An rufe shi a 2020 lokacin korona, kamfanin da ke tafiyar da shi ya karye, birnin ya karɓi abinsa, aka sauke kwale-kwalen ceto da nauyinsu ke lalata gefen jirgin, aka sake buɗewa a 2023. Duk na sani. To sai me? Buƙatar kuɗi ba ta halatta wa kowa ya tsaya a kan mutuwar wani yana ihu. Kuma samarin bidiyon nan ba don su gyara tsatsa suka yi abin da suka yi ba, masu kallo suke nema, kun kuwa ba su.

Akwai kuma malaman sharhi da suka taso min da cewa ai aljanu gaskiya ne, kada in musanta. Wa ya musanta? Aljanu suna nan, Alƙur'ani ya faɗa, sura guda ce da sunansu, kuma tsohon wuri mai duhu da lunguna ba na rantsuwa a kansa. Amma aljani daban, ran mamaci daban. Wanda ya mutu ya tafi barzahu, ba ya dawowa yawo a lungun otal yana kunna famfo don ya burge baƙi. In kuwa har ka yarda akwai aljanu a wurin, to me ya kai ka kiransu da tsakar dare? Ko ta wace fuska ka ɗauko maganar, abin da suka yi bai da kyau.

Ban ce kada a je ba. Wanda Allah ya hore masa ya je, ya kwana ma in yana so. Ya sauka ya ga farfelar da aka bari a cikin ruwa, ya ga girmanta. Ya shiga babban ɗakin cin abinci ya ga taswirar Tekun Atlantika da ke bango, wadda a da ake tafiyar da ɗan ƙaramin jirgi a kanta don fasinjoji su san inda suke. Ya shafa katakon bango, wanda aka tattaro iri iri daga ƙasashen da Birtaniya ke mulka a lokacin. In ya isa ƙofa ta 13 ya yi shiru ya wuce, ya mayar da wayarsa aljihu. Ni abin da na roƙa ke nan, kuma bai yi yawa ba.

Tun da maganar jigilar sojoji ta taso, akwai abin da ya daɗe yana cina. Namu kakannin ma an loda su a jiragen ruwa a yaƙin nan, ba a Queen Mary ba, a wasu jiragen, aka kai su Indiya, daga can Burma. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, dubban 'yan Arewa a ciki, har Hausa ce harshen da ake ba da umarni da shi a bataliyoyi da yawa. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da Arakan, sun shiga Myohaung a Janairun 1945. Mutum zai wuce barikin Dalet a Kaduna ko barikin Chindit a Zariya kullum bai san daga dajin Burma sunayen suka zo ba. A unguwanni da yawa an yi tsoho da ake ce wa ɗan Boma, yara suna tsokanarsa, ya mutu ba wanda ya zauna ya rubuta abin da ya gani. Don Allah duk wanda ke da hoton kakansa da kaki, ko takardar sallama, ko lambar yabo a cikin tsohuwar adaka, ya ɗauka ya turo min ta akwatin saƙo, tare da sunan garinsu da bataliyarsa in an sani. Ina so in fara tattara su wuri ɗaya.