Kuɗin godiyar da ba a tambaye ni ko na gode ba

Ranar da na je kama ɗaki a Saitama, a ƙasar Japan, hayar wata yen 70,000 ce, amma takardar da dillalin ya turo gabana ta kusa yen 360,000. Na ɗauka kuskuren lissafi ne. Ya bi ni layi-layi cikin ladabin nan nasu: hayar watan farko, ajiya da suke kira shikikin, la'adarsa ta wata guda har da harajin kashi 10, kuɗin kamfanin da zai tsaya mini tunda ba ni da dangi a ƙasar, inshorar gobara, canjin makulli. Duk na haɗiye. Da muka iso reikin na ce, wannan fa? Ya ce kuɗin godiya ne ga mai gida, wata guda, kuma ba ya dawowa.

Godiyar me? Ban taɓa ganin mutumin ba, har yau ɗin nan.

An ce al'adar ta samo asali ne lokacin da gidaje suka yi ƙaranci, bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923 da kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda wanda ya samu wurin kwana yakan miƙa wani abu don nuna jin daɗi. Wannan ai Bahaushe ya san shi, goro ne. Sai dai goro a wajenmu mai bayarwa ke yanke yawansa, kuma kunya ke sa shi, ba takarda ba. Nan kuwa an buga shi a tallar gidan kusa da faɗin ɗaki. Gidajen da babu kowa a ciki sun kai miliyoyi a Japan yanzu, amma godiyar ƙarancin tana nan daram.

Ba wai gida Najeriya aljanna ba ne. Yayana a Kano shekara guda cur yake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya. Idan aka auna da albashi, nauyinsa ya fi nawa. Amma abin da ya biya hayarsa ce, zai zauna ya cinye ta wata bayan wata. Nawa ya tafi kenan, kuma duk bayan shekara biyu akwai koshinryo, wata guda kuma, don kawai a sabunta yarjejeniya. Masu haya sun kai ƙara a kan wannan, kotun ƙolin Japan ta yanke a 2011 cewa halal ne muddin bai wuce kima ba.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba: da zarar ka shiga, dokarsu tana bayanka. Mai gida ba ya tashinka sai da ƙwaƙƙwaran dalili, ba kamar yadda ake wa mutane a gida ba, a ce ɗan mai gida zai yi aure, ka nemi wuri. Tun 2020 ma doka ta fayyace cewa tsufan da ɗaki ya yi da kansa ba a cire shi daga ajiyar ɗan haya. Wani abokina yana ganin reikin farashin wannan kwanciyar hankalin ne. Wataƙila. To a zuba shi cikin haya mana, a kira shi haya, kowa ya san abin da yake saye. Sunan ne ke ci mini rai, a karɓi kuɗinka dole sannan a rubuta cewa kai ka gode.

Sai daga baya wani ɗan Gana da muke sallar Juma'a tare ya faɗa mini gidajen UR, hukumar gidaje ta gwamnati, ba reikin, ba la'ada, ba kuɗin sabuntawa, ba a neman mai tsaya maka. Da yawansu tsofaffin benaye ne nesa da tashar jirgin ƙasa. Yarjejeniyata za ta ƙare a watan Maris, na riga na je na duba guda biyu.